Yadda Ake Tsare Tafki Daga Baƙon Kirefish: Jagora Ga Masunta Da Masu Kiwon Kifi A Ƙasar Daura

Wani yaro da na koyar a sakandare, yanzu magidanci ne yana kiwon tarwaɗa a bayan gidansu nan Daura, ya tare ni bayan an taso daga Juma'a, waya a hannu. Bidiyon wata gonar shinkafa ne a ƙasar Sin, ana juye wasu jajayen halittu masu ƙafafu da yawa, wato kirefish na ruwan daɗi, cikin kwanduna, ana aunawa ana ƙirga kuɗi. Ya ce, "Malam, wannan fa ba ya zaɓen abinci, ba ya saurin mutuwa, ga haihuwa kamar fara. In na samu iri ko guda ashirin ne, na warke." Na ce masa, "Ɗana, duk abin da ka lissafa gaskiya ne. Kuma saboda su ne nake roƙonka kada ka kawo shi."

Muka zauna a gindin darbejiya na yi masa bayani har aka kira la'asar. Abin da na gaya masa ne na tsara a nan, mataki bayan mataki, domin masunta na dam ɗin Sabke da na Daberam, da masu lambu a bakin ruwa, da duk mai kududdufin kifi. Mai su a Ajiwa, Zobe ko Jibiya ma aikin iri ɗaya ne.

Mataki na farko: ka san wanda ake magana a kansa

Kada a rikita shi da kirefish ɗin da ake sayarwa a mudu ana dakawa a zuba a miya. Wancan ƙananan jatan lande ne da ake kamawa a bakin teku can kudu a busar, ba shi da laifin komai. Wanda nake nufi ɗan ruwan daɗi ne, mai tauri, yana tafiya a ƙasan tafki. Jikinsa dogo ne mulmulalle, yana da sulke kamar na ƙaguwa, ƙafafu goma, biyun gaba manya ne masu kama da awartakin maƙera. Jelarsa gaɓa-gaɓa ce, ƙarshenta a buɗe kamar mafici, in ya tsorata sai ya kaɗa ta ya zabura da baya. Wanda bai taɓa ganinsa ba, kunama ce za ta fara faɗo masa a rai.

Ƙaguwa ita faffaɗa ce, jelarta a naɗe take a ƙarƙashin ciki, tafiyarta a kaikaice. Jatan lande na kogi kuma jikinsa a matse yake ta gefe biyu, sulkensa ba kauri. Waɗannan biyun 'yan gida ne a ruwan Afirka ta Yamma, a bar su su yi aikinsu. Amma kirefish, a duk faɗin nahiyar nan babu ƙasar da take da nata na asali sai tsibirin Madagaska. Saboda haka in ka ga ɗaya a ruwanmu, mutum ne ya kawo shi.

Iri uku ne suka fi shiga Afirka. Na farko ja ne, asalinsa fadamun Luwiziyana da sauran jihohin kudu na ƙasar Amurka da arewa maso gabashin Meziko, masana na kiransa Procambarus clarkii. Tsawonsa bai cika wuce santimita 12 ba, awartakinsa na da ƙuraje ja. An sake shi a tafkin Naibasha na Kenya a 1970, ya shiga kogin Nilu a Masar a farkon shekarun 1980. Na biyu ɗan arewacin Ostareliya ne, ya fi na farko girma nesa, launinsa shuɗi-shuɗi da kore, namijin yana da tabo ja mai laushi a gefen awartaki. Shi ne ya tsere daga wuraren kiwo ya cika kogin Kafuwe a Zambiya da tafkin Kariba tun farkon shekarun 2000. Na uku mai dabbare-dabbare ne, an fara lura da shi wurin masu ajiye kifin ado a Jamus a tsakiyar shekarun 1990. Wannan duk mata ne, ba sa bukatar namiji, guda ɗaya tak ta isa ta cika tafki. A Madagaska, yankin da ya mamaye ya ninka sau 100 cikin kimanin shekara goma.

Mataki na biyu: ka gane yadda yake ɓarna, don ka san inda za ka duba

Nan zan daɗe, domin wanda bai gane wannan ba zai ɗauki sauran aikin wahalar banza.

Kowane masunci ya san cewa kifi ba daga sama yake faɗowa ba. Bado da sauran ciyayin ruwa su ne ɗakin haihuwa kuma maɓoya. A jikinsu gansakuka ke fitowa, dodon koɗi da ƙananan ƙwari na kankare ta suna ci. 'Ya'yan mazari da ƙwaron ruwa suna cin ƙananan ƙwarin, 'ya'yan karfasa da kawara suna cin su duka, tarwaɗa da ragon ruwa suna cin ƙananan kifin, zalɓe da guza da mu kanmu muna cin manyan. Ganyen da ya ruɓe a ƙasa kuma tsutsotsi su narkar da shi ya koma taki. A makaranta sarƙar abinci muke kiran wannan, amma ya fi kama da saƙar kalli, ragar nan ta masunta: kowane ido yana riƙe da na kusa da shi ta ɓangare huɗu.

Yawancin halittu wuri ɗaya suke zama a wannan saƙa. Kirefish shi ko'ina yana ci. Yana cin ciyawa, yana cin ruɓaɓɓen ganye, yana fasa dodon koɗi, yana cin ƙwan kifi da ƙwan kwaɗo da 'ya'yansu, yana cin mushe, in abinci ya yi ƙaranci ya ci ɗan'uwansa. Shi ya sa yunwa ba ta rage shi kamar yadda take rage sauran. Idan dodon koɗi ya ƙare sai ya koma kan ciyawa, idan ciyawa ta ƙare ya koma kan taɓo.

Ɓarnarsa ga ciyawa ta ma fi cinsa yawa. Yakan datse kara daga tushe, ya ɗan ci kaɗan, ya bar saura yana yawo a kan ruwa. Da ciyawa ta tafi, babu saiwar da za ta riƙe laka, iska na kaɗawa ruwa ya gurɓace. Shi ma da tone-tonensa yana ƙara tayar da lakar. Ruwan da ya yi duhu rana ba ta kai ƙasansa, sabuwar ciyawa ba ta tsirowa, sai koren gansakuka mai yawo ya karɓe wurin. Daga nan tafkin ya koma wani tafki daban, ko da gaɓarsa da zurfinsa ba su canza ba.

An auna wannan a wurare da dama. A wani ƙaramin tafki mai suna Cozas a arewa maso yammacin Sifen, bayan jan kirefish ya shiga a shekarun 1990, kashi 99 cikin 100 na ciyayin ƙarƙashin ruwa suka ɓace, nau'o'in kwaɗi da danginsu suka ragu da kashi 83, na ƙananan halittun ƙasan ruwa da kashi 71, tsuntsayen ruwa da kashi 52. A jihar Wiskonsin ta Amurka, an bi wani tafki shekara 19 ana ƙirga bayan wani irin kirefish ya shige shi. Akwai gefen da dodon koɗi ya sauko daga sama da 10,000 a murabba'in mita ɗaya zuwa ƙasa da 5. A Naibasha kuwa, bado da ya lulluɓe gefen tafkin ya yi ta ja da baya har ya kusa ɓacewa, kuma kirefish na cikin manyan masu laifin.

Akwai masu cin riba, gaskiya sai an faɗe ta. Tsuntsaye irin su zalɓe da shamuwa sun ƙaru a fadamun kudancin Sifen saboda sun samu nama a arha. Manyan kifaye masu farauta ma suna ƙiba da shi. Amma ka lura da abin da ya faru: hanyoyin abinci masu yawa sun tattaru sun koma hanya ɗaya. Agwagwar ruwa mai cin ciyawa da tsaba ta rasa, ƙaramin kifi ya rasa maɓoya, kwaɗo ya rasa wurin ƙwai.

Wani zai ce, tunda yana cin dodon koɗi, ai maganin tsargiya ne. Hujjar ba ta banza ba ce. Ƙwayar tsargiya a jikin dodon koɗi take girma kafin ta shiga fatar yaro mai wanka, kuma an gwada a Kenya an ga inda kirefish ya zauna dodon koɗin ya ragu, a wani wurin har kamuwar 'yan makaranta ta ragu. Na koyar da yara masu fitsarin jini, na san zafin abin. Sai dai tsargiya tana da ƙwayar magani da ake rabawa a makarantu, tafkin da ya lalace kuwa ba shi da ita. Kuma a ƙoramun Kalifoniya an ga ɗaya gefen: inda kirefish ya rage 'ya'yan mazari, tsutsar sauro ta ƙaru, domin mai cinta ya tafi. Mu da zazzaɓi ke kwantar da mu kowace damina ba mu da sararin yin wasa da wannan.

Mataki na uku: ka rubuta yadda ruwanka yake tun yana lafiya

Wannan shi ne aikin da aka fi rainawa, kuma shi ne ya fi amfani. Idan ba ka san yadda ruwa yake a bara ba, ba za ka iya cewa ya canza bana ba, sai dai a yi ta musu a bakin gaɓa.

Kayan aiki ba su da tsada: littafin rubutu da fensir, domin biro yana narkewa in ya jiƙe; farar roba ko farin faranti mai zurfi; rariyar tankaɗe da aka ɗaure a sanda; sanduna huɗu masu tsawon mita ɗaya-ɗaya da aka ɗaure suka yi murabba'i; murfin tukunya; igiya; waya mai kyamara; takalmin roba mai dogon wuya da safar hannu. Na ƙarshen nan ba ado ba ne. Ruwan da yake da dodon koɗi yana iya ɗauke da tsargiya, don haka kada a tura yara ciki da ƙafa a waje.

Ka zaɓi wuri uku a bakin ruwan da ba su yi kama da juna ba: ɗaya mai ciyawa, ɗaya mai duwatsu ko itace a ciki, ɗaya kusa da inda ruwa ke shigowa ko inda mutane ke sauke kaya. Ka sa musu alama da abin da ba ya motsi, kamar bishiya ko dutse, tunda gaɓa tana ja da baya da rani. Sau ɗaya a wata, ka je kowane wuri ka yi abu huɗu.

Ka tsaya daidai inda ka tsaya wancan watan ka ɗauki hoto, kana fuskantar wuri ɗaya.

Ka ajiye murabba'in sandunan a kan ruwa inda bai wuce gwiwa ba, ka ƙiyasta yawan wurin da ciyawa ta rufe: babu, kwata, rabi, kwata uku, ko duka. Ka yi haka sau biyar a kowane wuri, kana matsawa taku goma. Ka rubuta sunan ciyawar da ka sani, bado, kainuwa, kacalla, burugu, wadda ba ka sani ba ka ɗauki hotonta.

Ka kaɗa rariyar cikin ciyawa da saman laka sau goma, ka juye abin da ta kwaso a farar robar da ɗan ruwa. Ka jira laka ta kwanta, za ka ga abubuwa sun fara motsi. Ba sai ka san sunan kowanne ba. Ka ƙirga iri nawa ne daban-daban, sannan ka ƙirga dodon koɗi, 'ya'yan mazari, 'ya'yan kwaɗi, matsattsaku da 'ya'yan kifi, kowanne da adadinsa. In ka gama ka mayar da su.

Na huɗu, hasken ruwa. Murfin tukunya mai faɗin kamar santimita 20, ka raba shi gida huɗu ka shafa fenti, fari, baƙi, fari, baƙi. Ka zura igiya ta tsakiya, ka ɗaura ƙarfe ko dutse a ƙasa don ya nutse a miƙe, ka ƙulla igiyar kowane santimita 10. Daga kwale-kwale, tsakanin hantsi da azahar, ta gefen inuwa, ka sauke shi a hankali har ya ɓace maka, ka ƙirga ƙulli nawa suka shiga. Ruwanmu dama yakan yi ja da damina saboda ƙasar da yake kwasowa daga gonaki, don haka kada ka gwada Agusta da Fabrairu. Fabrairun bana da Fabrairun bara ake gwadawa.

Ka ƙara da tambayar dattawan su. Ka je wurin Sarkin Ruwa da gaisuwa, ka ce, "Ranka ya daɗe, wane kifi kuke kamawa a nan da, wanda yanzu ba a gani?" Abin da zai gaya maka cikin rabin sa'a, kai sai ka yi shekaru kafin ka tara shi. Ka rubuta har da wata da wurin da kowane kifi ke zuba ƙwai.

Mataki na huɗu: ka nemi baƙon da kansa

Dare yake fita. Da rana yana ƙarƙashin dutse ko cikin rami, shi ya sa zai iya daɗewa a ruwa ba a sani ba.

Gurar Mali, tarkon kifin nan da masunta ke da shi, ta isa. Wanda ba shi da ita ya samu babbar robar ruwa, ya yanke kanta, ya faɗaɗa bakin ya kai faɗin yatsu uku, ya juya kan ya cusa shi ciki kamar mazurari, ya ɗinke da waya, ya huda ƙananan ramuka a jiki, ya sa tsakuwa don ta nutse. Abincin tarko kan kifi ne ko kayan cikinsa, wanda ya fi maiƙo ya fi jawo shi. Ka kafa guda goma a bakin gaɓa, taku goma tsakani, a zurfin gwiwa zuwa ƙugu, gab da magariba. Ka duba bayan asuba. Kada tarko ya wuce kwana ɗaya ba a duba ba, saboda kwaɗi da ƙananan kifin da za su faɗa ciki. Ka yi dare biyu ko uku a jere, sau uku a shekara: farkon damina, kaka, da bazara lokacin da ruwa ya ja. Da sanyin hunturu ba ya yawan motsi, tarko na iya fitowa wayam alhali yana nan.

Ka rubuta tarko nawa, dare nawa, me aka kama. Ko ba a kama komai ba, ka rubuta sifiri da kwanan wata. Wannan sifirin shaida ce.

Tarko yakan fi kama manyan maza. Ƙanana da mata masu ƙwai ba su cika shiga ba, don haka ka haɗa da zagayen dare da tocila mai ƙarfi, mutum biyu, kuna haska ruwa mara zurfi. Da rana kuma ka riƙa ɗaga duwatsu, kana duba waɗannan alamu: ramuka a jikin gaɓa masu faɗin bakin kofin shayi, wani lokaci da tulin laka a baki kamar an gina masa ɗan bututu, fankon sulke da ya saɓule ya bari, domin yana saɓa kamar maciji, karan ciyawa a datse suna yawo, ɓaraguzan jan sulke a kashin tsuntsu ko inda zalɓe ke tsayawa. Ƙaguwa ma tana rami, saboda haka rami kaɗai bai isa hukunci ba, sai an ga mai ɗakin.

Masu kalli su ne za su riga kowa sani. A Kafuwe da Kariba kukan masunta ɗaya ne: a kafa kalli da yamma, a zo da safe a tarar an cinye cikin kifi da idanu da fiffike, ga baƙin sun cukuikuye a raga, sai an yage ta kafin a cire su. Duk wanda ya fara ganin haka kada ya yi shiru. Masu gyaran kifi a kasuwa ma su riƙa duba tumbin tarwaɗa, domin ita takan haɗiye abin da idonmu bai gani ba.

Mataki na biyar: idan ka kama ɗaya

Kada ka mayar da shi ruwa, kuma kada ka kai shi gida da rai don yara su gani. Ka riƙe shi ta baya, daidai bayan awartaki, ba zai iya cizonka ba. Ka ɗauki hotonsa ta sama, ta ciki da ta gefe, da ashana ko biro kusa da shi don a gane girmansa. Ka duba ƙarƙashin jela. Macen jan kirefish tana ɗaukar ƙwai ɗaruruwa a nan, bayan sun ƙyanƙyashe ma 'ya'yan na maƙale da ita na wani lokaci. In ka ga haka, ka sa ta a bokiti mai murfi nan take, kada ɗa ko ɗaya ya zube.

Ka kashe shi ta hanyar sa shi a ƙanƙara ya daskare, ko a tafasasshen ruwa. Ka ajiye ɗaya ko biyu a kwalba da sifirit, da 'yar takarda a ciki da aka rubuta wuri da rana da fensir. A ranar ka sanar da Sarkin Ruwa, sannan a kai kwalbar sashen kula da kifi na ma'aikatar gona ta jiha, ko wurin masana halittu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Bussa. Saurin sanarwa shi ne komai, domin jan kirefish yana balaga cikin 'yan watanni.

Abu ɗaya da nake roƙo da babbar murya: kada a zuba guba. Mun san abin da Gamalin ya yi wa ruwaye a ƙasar nan. Maganin ƙwari zai kashe kifi da kwaɗi da 'ya'yan mazari, ya cutar da shanu da mutanen da ke sha, shi kuwa wanda ake nema yana can cikin raminsa. In ruwa ya wanke ya fito ya tarar babu mai cinsa.

Mataki na shida: idan ya riga ya zauna

A babban ruwa irin Sabke ko Zobe, wanda ya ce maka zai kawar da shi ƙaf bai san shi ba. Abin da ake iyawa shi ne a danne shi. A wani tafki a Wiskonsin an haɗa abu biyu daga 2001 zuwa 2008: tarko ba ƙaƙƙautawa kowace shekara, da taƙaita kama manyan kifayen da ke cinsa. Tarko ya kwashe manya, kifi ya cinye ƙanana, yawansa ya faɗi da kashi 99, ciyawa da wasu ƙananan kifaye suka dawo. Shekara takwas ke nan a ƙaramin tafki. Darasin da ke ciki garemu shi ne a bar tarwaɗa da ragon ruwa su girma, a daina taru mai ƙaramin ido, a kuma daina harbin zalɓe. Wannan doka ce da Sarkin Ruwa da masunta za su iya sa wa kansu ko da baƙon bai zo ba.

Janyewar ruwa da rani ba za ta cece mu ba. Kowa ya san gaiwa, yadda take shigewa laka ta jira damina. Jan kirefish ma haka yake yi, ya haƙa rami da kan wuce mita ɗaya, ya toshe baki, ya zauna a danshi. Da dare mai raɓa ko bayan ruwan sama yana iya takawa a tudu daga wannan kududdufi zuwa wancan. Waɗannan ramukan ne suka zame wa manoman Masar da Sifen masifa, domin suna huda gefen magudanar ban ruwa da kunyar shinkafa, ruwa ya riƙa tsiyayewa. Mai noman rani a ƙasan dam ya sa wannan a ransa.

Cinsa ba laifi ga lafiya in ya dahu sosai, ɗanye ko rabin dahuwa ne ke iya ɗauke da tsutsar huhu. Amma a sayar da shi a mace, dafaffe ko busasshe. Da zarar mai rai ya yi kuɗi, wani zai ɗebi bokiti ya kai tafkin garinsu. Haka ya faru a Sifen: an kawo shi a 1973 da 1974 don a taimaki talakawan fadama, masu kamawa suka yi ta raba shi da hannunsu, ya tsallaka har Fotugal. A 2016 Tarayyar Turai ta sa shi a jerin halittun da aka hana shigowa da su, kiwonsu da sayar da su da rai. Sin tana samar da fiye da tan miliyan 2 a shekara, wannan gaskiya ne, kuma shi ne abin da ɗalibina ya gani a waya. Abin da bidiyon bai nuna masa ba shi ne wanda zai biya kuɗin ranar da ruwan sama ya cika kududdufinsa ya malala cikin ƙorama.

Mataki na bakwai: toshe ƙofofin da yake bi

Ƙofofin ba su da yawa. Akwai mai son kiwo da ya sayo iri ta intanet. Akwai mai kwalbar kifin ado a falo, wanda in ya gaji sai ya juye ta a kwata ko kududdufi don tausayi. Akwai mai sa shi a ƙugiya. Akwai kuma kayan su da ke yawo daga ruwa zuwa ruwa. Shigo da halitta mai rai daga waje sai da izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, duk wanda ya ce zai kawo maka ta bayan fage, kai zai bari da abin.

Masuntanmu matafiya ne, yau Daberam, wata mai zuwa Jibiya, wani har Yawuri ko tafkin Cadi. Kafin ka bar wani ruwa, ka kakkaɓe kalli da gura, ka cire ciyawa da laka, ka kwashe ruwan da ya taru a cikin kwale-kwale a wurin. Ka shanya komai a rana ya bushe ƙayau, aƙalla kwana biyu, kafin ya taɓa wani ruwan. Rana dai Allah Ya ba mu ita a wadace.

Mai kiwon kifi kuma, duk lokacin da aka kawo maka 'ya'yan kifi, kada ka juye jarka kai tsaye. Ka zuba a farar roba tukuna, ka duba ƙasanta da kyau, domin ɗan kirefish sabon saki bai fi ƙwayar shinkafa da yawa ba. Ka ɗebe kifin da rariya, ruwan da suka zo da shi ka zubar a busasshiyar ƙasa nesa da magudana. Ka ɗaura raga mai ƙaramin ido a bakin bututun da kake sakin ruwa, ka riƙa duba ta duk ranar canjin ruwa. Ɗalibin nawa ya sa tasa a makon da muka yi magana, da yankin ragar taga da robar taya, kuma ya karɓi aikin auna hasken ruwa na wata-wata a gefen Daberam da ya fi kusa da gonar mahaifinsa.